Ƙwaryar Rairayi ta Gogo Kadi

Duk macen da aka kai ɗakin miji a Garin Ɗan Bala, can gefen Gangara, a shekarun da damina take damina, to, akwai hannun Gogo Kadi a cikin kayan ɗakinta. Kadi Bafulatana ce, doguwa siririya, mai zanen ƙwarya, bakinta kuma ya fi wuƙaƙenta kaifi. Kowace shekara in an kawar da amfanin gona, rugarsu takan sauka a gonakin garin, shanu su ci kara su bar taki, ita kuma ta hura wuta a gindin wata aduwa ta jera wuƙaƙenta cikin garwashi. Uwar amarya ta zo da farar ƙwarya sabuwar fafa, ta zauna tana zuba labarin 'yarta, Kadi tana ji ba ta ko ɗaga kai. Ba ta taɓa yi wa mata biyu zane iri ɗaya ba, ba ta kuma karɓar shawara. Duk wadda ta ce, "Gogo, yi mini irin na wance," sai ta miƙa mata ƙwaryarta ta ce ta kai wa wancen ta yi mata.

Wurin ƙanwar ubanta ta koyi sana'ar, tun tana tallan nono, da dokarta guda: wuƙa mai zafi ba ta taɓa ƙwarya sai an fara zanen a ƙasa. Za a share wuri, a baje rairayi da tafin hannu, a kifa ƙwaryar a danna ta bar da'irar bakinta, sa'an nan a ɗauki tsinken kara a zana duk abin da za a yi a cikin da'irar. Abin da wuta ta ƙona ta ƙona, babu gyara, rairayi kuwa yana yafe kuskure. In zanen ya zauna a ido, sai a shafe shi da hannu a kama ƙwarya. Kadi ta sha gaya wa matan garin cewa na ƙasan kullum ya fi kyau, don a kan ƙwarya hannu yana tsoro, a kan rairayi kuwa ba ya tsoron kowa. Su dai dariya suke yi, su ce wa ya taɓa dama fura a cikin rairayi.

Farin farko, na shekarun saba'in, ya raba rugar da mafi yawan shanunta. Suka yi kudu, suka dawo da abin da bai taka kara ya karya ba, suka sake kiwo daga tushe. Garken bai gama murmurewa ba sai ga na biyu, wanda bai bar musu ko maraƙi ba. 'Ya'yanta maza suka ƙetara iyaka neman abin yi, labarinsu ya yanke. Mijinta Buba, mutumin da tun yana yaro bai taɓa kwana nesa da numfashin saniya ba, ya kwanta a bazarar nan bai tashi ba. Mutanen garin ne suka yi masa sutura, suka rufe shi a bayan aduwar. Kadi ta kafa 'yar bukka a wurin, ita da akuya guda, ta ce yawonta ya ƙare, nan za ta jira nata lokacin. Ƙoranta na kanta, tun daga masaki har ƙoƙon shan ruwa, ɗaya bayan ɗaya suka tafi kasuwar Cadawa suka koma dawa. Ba ita kaɗai ba, matan garin ma haka suka yi ta sauke jerensu, ɗakuna suka zama wayam.

Duma bai yi ba, wanda ke tonon gidan tururuwa neman tsaba kuwa ba ta ƙwaryar aure yake ba. Amma hannun da ya saba bai san an yi fari ba. Kowace safiya, in ta idar da salla, Kadi ta share gaban bukkarta, ta baje rairayi, ta kifa tsohon kwanon da take ci a ciki ya ba ta da'ira, ta durƙusa da tsinken kara, ciki babu komai sai anzar jiya, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da ake wankewa a ci lokacin yunwa. Kafin rana ta take akuya ta tattake rabi, iska ta kwashe sauran. Gobe ta yi wani sabo. Akwai wata gwauruwa a garin, Cima, wadda suka shaƙu tun zamanin da ake musayar nono da hatsi. Ita ce ta taɓa tambayarta amfanin wannan wahala.

Kadi ta ce, "Shanun da munka ɗauka na zama ne, ina su? Wanga ko bai yi mini alkawali ba, balle shi saɓa."

Lokacin shuka ya yi, sama ta shiga wasa da hankalin mutane. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, mata su fito da tukwane, sai iska ta zo ta watsa shi, gari ya waye tas. An fita roƙon ruwa, an juya riguna, an yi sadaka da ɗan abin da ya rage. Shiru kake ji.

A cikin manoman garin akwai Jibrilla. Ba mugu ba ne, mutum ne da ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ruwa ya zo ya same shi, ɗan yayyafi ya sauka ya tsirar da shi, rana ta ƙone. Ya sake, aka sake. Irin da ya zuba na ƙarshe, ƙwaryar auren matarsa Husaina ya sauke ya kai Cadawa ya musanyo. Shi ma ya bi sahu. Hanyar gonarsa kuwa ta gaban aduwa ta bi. Kullum da safe ya ga tsohuwa durƙushe tana zane a ƙasa, kullum da yamma ya ga iska ta watsa hadari. A ƙasarmu, in aka ga babba yana zane a rairayi, ba ado ne ke zuwa a rai ba, bugun ƙasa ne, aikin masu duba. Dama mai neman kuka ne, sai aka jefe shi da kashin awaki. Ya tsaya a majalisar ƙofar masallaci ya ce Bafulatanar nan ce ke ɗaure ruwa, da'irar da take yi kulle hadari take, nata ya ƙare tana son na kowa ya ƙare.

Abin haushi, mazan da suka gyaɗa kai a wurin duk sun shekara da shekaru suna shan fura a cikin zanen hannunta. Amma namiji cikin ƙwarya yake kallo, bayanta bai dame shi ba. Mata sun san yadda take fara aikinta a ƙasa, sai dai yunwa ta ɗaure musu harshe, wasu ma har sun fara kokwanto: da dai ƙwarya take yi wa, yanzu da babu ƙwarya, me take zanawa? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba wanda ya isa ya ja da sama, tsohuwar da ba ta da kowa kuwa ga ta a bakin hanya.

Cima ta zo da sauri, ta tarar da ita tana aikin.

"Gogo, don Allah ki bari. Ko na ɗan lokaci ne, har ruwa shi sauka."

"In na bari ruwa ya sauka, sun tabbata ni ce. In na bari bai sauka ba, su ce cikin ɗaki na koma ina yi. To mi na samu? Matsa, kin tare mini haske."

Ba a jima ba mai gari Ɗan Bala ya aika a kira ta. Dattijo ne, ya san Buba tun suna samari, kuma da ganin yadda yake murza tasbaha ka san ba da son ransa ba ne. Zaure ya cika da maza.

Ya ce, "Gogo, ni ban ce kin yi ba. Amma gari ya ɗau zahi, ni ko ba ni iya tare mutane masu yunwa. Ki bar zanen ga, ki zauna cikinmu mu ci abin da Allah ya hore. In ba ki bari, jibi motar da ta kawo dawa za ta koma Maraɗi, sai ki bi ta."

Kadi ta san abin da Maraɗi ke nufi ga irinta: tsohuwa ba dangi a cikin taron waɗanda fari ya koro, ta mutu a hannun waɗanda ba su san sunanta ba, kabarin Buba kuma ya zama ba mai tsayawa a kansa. Kalma guda za ta faɗa a bar ta. Ta gyara mayafinta. Bafulatana ba ta kama sunan miji, ko a gaban mai gari.

"Ranka shi daɗe, hwari ya ce in ba shi shanu, na ba shi. Ya ce ɗiya, na ba shi. Ya ce mutumin da ke kwance bayan aduwa, na ba shi. Ban yi gardama ba, don mai abu ne ya karɓi abinai. Amma wanga ba Allah ne ya ce in bari ba, Jibrilla ne. In ina da ikon ɗaure ruwa, ai ina da ikon kwance shi. Shanuna na hwaɗuwa ɗai-ɗai, ina zaune ina riƙe da ruwa?"

Mai gari ya dubi ƙasa ya ce magana ta riga ta fita. Kadi ta ce ta ji, ta sa takalmanta.

Ta ji tsoro, wannan babu ƙarya. Amma fushinta ya fi tsoron yawa. In tafiyar ce, ba za ta tafi da sunan mai ɗaure ruwa ba.

Washegari ba ta share gaban bukka ba. Ta ɗauki tsintsiya da kwano da tsinken kara ta nufi bakin rijiya, inda rairayi yake da faɗi, kafin mata su fito ɗiba. Ta share fili guda. Ta kifa kwano nan, ta kifa can, har da'irori suka yi jere kamar kayan ɗakin amarya. Sa'an nan ta durƙusa ta fara cike su, tana jan gwiwa daga wannan zuwa wannan. Ba sabo ta ƙirƙira ba a ranar. Duk ƙwaryar da ta taɓa fita daga hannunta zuwa garin nan tana cikin kanta.

Cima ce ta fara isowa. Ta tsaya, ta duba, guga ya suɓuce daga hannunta.

"Wanga ai masakina ne! Ga sawun tsuntsun, ga tsanin!"

Mata suka yi ta zuwa, tuluna suka yi ta sauka ba a cika su ba. Kowace ta sunkuya tana bin jeren da ido har ta tsaya a kan nata. Mariyama, surukar mai gari, ta gane tata da wani ɗan tabo a gefe, inda hannun Kadi ya taɓa gocewa saboda saniya ta tunkuɗe ta tana cikin aiki. Har tabon tsohuwar ta mayar. Mariyama ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Husaina matar Jibrilla ma ta sami tata. Ta durƙusa gaban wata da'ira mai zanen igiyar maruƙa ƙulli-ƙulli, ta ɗora hannuwanta a gwiwa don kada su taɓa.

Labari ya kai ƙofar masallaci, maza suka taso, Jibrilla a gaba. Da ya ga yawan da'irorin idonsa ya rufe.

"Kun gani ko? Yau rijiyar ma za ta kulle!"

Ya ɗaga ƙafa a kan wadda ta fi kusa da shi. Husaina mace ce da maƙwabta ba su san ƙarfin muryarta ba. Ranar sun ji.

"Malam, ɗauke ƙahwarka."

Ya tsaya ƙafa a sama, yana kallonta.

"Ƙwaryar aurena ce. Ka sauke ta ka kai Cadawa ban ce uffan ba, don iri za ka samo. Ba ka raba ni da ita sau biyu."

Ya dubi zanen, bai gane ba. Sai ta miƙa yatsa ta nuna wani ƙulli kusa da baki, ba tare da ta taɓa ba.

"Nan babban yatsanka ke zama in kana shan hura."

Jibrilla ya daɗe yana kallo. Ya mayar da ƙafarsa baya a hankali. Bai ba kowa haƙuri ba, ya ratsa mutane ya wuce gona, gonar da babu komai a cikinta.

Rana ta ɗaga, iska ta fara kaɗawa daga gabas, bakin da'irorin ya fara cika. Mata suka ruɗe, wannan ta kwance mayafi tana tarewa, waccan ta ruga ɗauko faifai ta kifa. Kadi ta daka musu tsawa.

"Ku bar ta! Ba don shi kwana anka yi shi ba. Wanda kunka rataye a ɗaki ya kwana? Ku kalla da idanunku, su ne ba a kai wa Cadawa."

Suka ja da baya. Suka tsaya a jere suna kallo, sawun tsuntsu ya tafi, tsani ya tafi, tabon Mariyama ya tafi, har fili ya koma yadda aka same shi. Da yawa sun share hawaye. Kadi tana kaɗe rairayin gwiwarta.

Mai gari ya iso a makare, ya ga mata, ya ga maza sun zuba masa ido. Ransa ya so ya janye, amma a gaban zaure cike ya yi maganar.

"Ba ni yin amai in lashe. Mai zane a ƙasa ba shi zama garin ga. Gobe da sahe mota na tashi."

Gari ya waye. A karon farko tun da ta kafa bukkar, Kadi ba ta taɓa tsintsiya ba. Ta ɗaure tabarma da kwano, ta tsaya bayan aduwa ta yi wa Buba addu'a, ta daɗe fiye da yadda ta yi niyya. Ta ja akuya za ta kai wa Cima, don mota ba za ta ɗauki akuya ba. Zuciyarta ta yi nauyi, amma kanta a sama ta shiga garin.

A ƙofar gidan farko an share, an baje rairayi, ga da'ira, ga wani zane a ciki duk a karkace. Ta wuce. Gida na biyu haka. Na uku har biyu aka yi. Ta bi lungu tana duba dama da hagu, babu ƙofar da babu, mata kuma kowace tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, fuska a ɗaure kamar ba ita ba. Da ta iso zauren mai gari sai ga mafi girma duka, daidai inda yake sa ƙafa in zai fito, har da tabo a gefe.

Mai gari ya leƙo, ya ga abin da ke bakin zaurensa, ya ga maza sun taru sun yi cirko-cirko. Cima ta durƙusa ta gaishe shi cikin ladabi.

"Baba, mun ji abin da anka yanke. Sai dai mota guda ba ta ɗaukarmu duka. A aika Maraɗi a ƙaro."

Ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya. Kowa yana lissafin wa zai ja masa ruwa, wa zai wanke masa anza, ba wanda ya ɗaga kai. Dattijon ya shafa gemu.

"Ni ban ga zane ba. Kaji ne sunka yi tono."

Ya juya ya koma ciki.

Ruwa dai bai zo ba a shekarar, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Gonaki sun ƙone, an sha wuya har bayan nan, akuyar ma ba ta kai baɗi ba. Amma motar ta tashi babu Kadi. Ta ƙara shekaru a gindin aduwarta, nan aka rufe ta kusa da Buba, yau rairayi ya daidaita wurin ba mai iya nuna maka.

A safiyar nan kuwa, ko godiya ba ta yi ba. Ta dubi aikin da ke ƙofar zaure ta taɓe baki.

"Mai gari ya hwaɗi gaskiya. Kajin ma sun hi ku."

Ta ja akuyarta ta koma ta bi ƙofa-ƙofa tana yi musu tsiya. A ƙofar Jibrilla ta tsaya. Maigidan ya fito da hauya a kafaɗa, ya ga da'irar da matarsa ta yi, ya rage tafiya, ya raɓa ta gefe ya wuce. Kadi ta sauke ƙunshinta a ƙasa. Ta durƙusa, ta sa tafin hannu ta shafe zanen Husaina tas, ta baje rairayin, ta kwance kwanonta ta kifa. Sa'an nan ta zaro tsinken kara daga gashinta ta miƙa mata.

"Sake. Hannunki na tsoro. Wa kike tsoro? Rairayi ne."